Firij da firiza a ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu: awa nawa abinci ke kaiwa idan aka ɗauke wuta?

A tsakiyar Sudan zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, musamman tun ɓarkewar yaƙi a shekarar 2023. Ga bayani kan yadda ake kula da firij a irin wannan yanayi, da yadda ake rarrabe abincin da za a ci da wanda ya kamata a zubar.

A Wad Madani da Sinnar ana ce masa tallaja, kamar yadda Larabawan Sudan ke faɗa. A Maraɗi da Damagaram firigo ne, a Kano kuwa firij ko firji. Babban akwatin nan mai murfi a sama da ke daskarar da nama shi ne firiza, a kasuwannin Sudan a ce dib firiza. Suna ya bambanta, amma matsalar ɗaya ce daga bakin kogin Kwara har bakin Nilu: na'ura ce da aka ƙera domin wutar da ba ta yankewa, aka kawo ta inda wutar ke zuwa ta tafi ba sallama.

Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Mahajjata ne suka fara zama a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun noman auduga na Jazira, sai ƙarin mutane suka shigo ƙwadago. Zuriyarsu na nan a ƙauyuka da kuma matsugunan ma'aikatan gona da ake kira kanabi, wasu manoma, wasu masunta, wasu mahauta da masu gasa agashe.

Wutar da ke zuwa musu ta dogara sosai da madatsun ruwa: ta Rusairis kusa da Damazin, wadda aka gama a 1966, da ta Marawi can arewa, mai ƙarfin megawat 1,250. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamban 2023, sojojin gwamnati suka ƙwato ta a Janairun 2025, kuma a wannan watan ne hare-haren jirage marasa matuƙi a kan tashar Marawi suka jefa jihohi da dama cikin duhu. A tsakanin nan an lalata taransifomomi da wayoyi, an wawashe gidaje. Don haka a gidan da ke da firij, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce awa nawa sanyin zai riƙe bayan wuta ta tafi.

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta

Wannan shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Firij yana rage saurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne kawai, firiza kuma ya sa su barci. Da zarar nama ya narke ya yi ɗumi, sai su farka su ɗora daga inda suka tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ajiye abinci ko dai ƙasa da digiri 5, ko kuma sama da digiri 60. Tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin ke samun yadda suke so. Idan yanayi ya yi musu daɗi, wasunsu kan ninka yawansu duk bayan minti 20, wato ƙwaya ɗaya tak tana iya haura miliyan biyu cikin awa 7. Zafin jikin mutum, digiri 37, shi ne suka fi so, kuma ɗakin girki a Jazira da rana tsaka bai yi nisa da hakan ba. Shi ya sa ƙa'idar da aka saba ji, cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, take raguwa zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. A bazarar Sudan kusan kullum haka yake.

A ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara a duniya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, daga cikinsu 125,000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5.

Lambobi biyu ne mai firij zai riƙe: cikin firij digiri 4 ko ƙasa da haka, cikin firiza digiri 18 ƙasa da sifili. Lambobin da ke jikin makunnin daidaita sanyi, daga 1 zuwa 5 ko zuwa 7, ba digiri ba ne, matakan ƙarfi ne kawai, kuma a yawancin firij babbar lamba ce ta fi sanyi. Ƙaramin ma'aunin zafi da za a ajiye a ciki shi ne kaɗai zai faɗi gaskiya, kuɗinsa kuma bai kai na kilo ɗaya na nama ba.

Harafin da ke jikin firij

Kowane firij na da ƴar takarda ko faranti, a bayansa ko a ciki ta gefe, mai ɗauke da bayanin kamfani. A ciki akwai harafin da ke nuna iyakar zafin ɗakin da aka ƙera shi ya jure. SN da N sun tsaya a digiri 32. ST yana kaiwa 38. T kaɗai ke kaiwa 43. Yawancin masu saye ba sa dubawa, su kan tsaya a kan girma da launi da sunan kamfani, alhali a Wad Madani ko Damazin firij mai harafin N zai yi ta kuka dare da rana a watan Mayu ba tare da ya kai sanyin da ake buƙata ba, ya sha wuta, kwamfuresarsa ta mutu da wuri. Wannan ya fi shafar firij na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen sanyi, irin waɗanda suka cika kasuwannin Kano da Yamai ma.

Taurarin da ke jikin ƙofar sashen ƙanƙara su ma magana suke yi. Tauraro ɗaya digiri 6 ne ƙasa da sifili, biyu 12, uku 18. Mai tauraro huɗu ne kaɗai aka ƙera domin ya daskarar da ɗanyen nama da kansa. Ƙaramin akwatin nan da ke saman firij mai ƙofa ɗaya ya isa yin ƙanƙara, amma ba wurin ajiye nama na wata guda ba ne.

Firij ba ya ƙirƙirar sanyi. Yana kwashe zafin da ke ciki ne ya fitar da shi ta baƙar ragar ƙarfe da ke bayansa, ko ta bangon gefensa a sababbin ƙira. Duk abin da ya hana wannan zafi fita, ya hana sanyi shiga. Saboda haka a bar tazarar aƙalla tafin hannu tsakaninsa da bango, a nisanta shi da murhu da hasken taga, a sa shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi rumfar kwano nesa ba kusa ba. Kada a rufe gefensa da zane don ado. Iskar habub da ke tasowa gab da damina tana cika ragar da ƙura, ƙurar kuma kamar bargo take a jikinta. A zare wayar daga wuta, a share ragar da buroshi mai laushi, ko da sau ɗaya a wata a lokacin ƙura.

Sai robar ƙofa. A saka takarda tsakanin ƙofa da jikin firij a rufe, sannan a ja. Idan ta fito salin-alin ba tare da an ji ta riƙe ba, iska na shiga ta nan. A gwada a kusurwoyi huɗu. Sau da yawa datti ne da maiƙo, wanki da ruwan ɗumi da sabulu ya isa. Idan ta bushe ta tsage, a canja ta.

Lokacin da aka kawo wuta

Ba ɗauke wuta ke kashe firij ba, yadda take dawowa ne. Idan kwamfuresa ta tsaya, gas ɗin da ke cikin bututu yana buƙatar ƴan mintoci kafin matsinsa ya daidaita. Idan wuta ta ƙifta ta dawo nan take, injin zai yi ƙoƙarin tashi a kan wannan matsi, ya ja wuta mai yawa, ya yi zafi. Hakan ke faruwa kuma idan wutar ta zo da rauni, irin wadda ƙwan fitila ke yin ja. Alamarsa ita ce a ji firij ya yi gurnani na ƴan daƙiƙu, ya yi ƙas, ya yi shiru, ya sake. Idan aka ji haka a zare shi.

Wutar Sudan bolt 230 ce a ƙa'ida, amma a ƙarshen layin ƙauye takan gaza haka sosai. Hanya mafi sauƙi ita ce a zare firij idan aka ɗauke wuta, a jira minti 5 bayan ta dawo ta tsaya, sannan a jona. Da yake ba kullum ake gida ko a farke ba, ƙaramar na'urar kariya da ake jonawa tsakanin soket da firij, wadda ke yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan kuma ta jinkirta kunnawa, ta fi dogaro da ƙwaƙwalwar mutum. Sitabilaiza mai jinkirin kunnawa ma tana yin wannan aikin. Firij ya samu soket nasa shi kaɗai, ba doguwar waya siririya da aka haɗa da dutsen guga da hita ba.

Gidaje da shaguna da dama sun koma sola. Abin lura a nan shi ne, tsohuwar ƙirar kwamfuresa tana jan wuta ninki da yawa a daƙiƙar da take tashi, don haka inbatar da ta isa ɗaukar firij yana tafiya tana iya kasa tayar da shi. Dabarar da ta fi rage wa batir wahala ita ce a sa firiza ya yi aiki sosai da rana lokacin da faranti ke samun haske, ya daskarar da robobin ruwa, da dare kuma ƙanƙarar ta riƙe sanyin.

Idan aka ɗauke wuta

Ma'aikatar noma ta Amurka ta ba da lissafin da ake amfani da shi a ko'ina: firij da ba a buɗe ba yana riƙe abinci lafiya na kimanin awa 4. Firiza cike yana kaiwa awa 48, wanda ke rabi kuma awa 24. An yi wannan lissafi ne da ɗakunan da ba su kai zafin Sinja ko Rusairis ba, don haka a ɗauke shi a matsayin iyakar ƙarshe, ba alkawari ba. Kuma sharaɗinsa shi ne ƙofa a rufe. Duk buɗewar da yaro zai yi don ɗauko ruwan sanyi tana cin wani abu daga awannin. Ruwan sha ya koma randa, wadda a Sudan ake ce wa zir, a bar firij ya huta.

Bambancin awa 24 da 48 ya nuna abin yi: kada a bar firiza da fili. A cika filin da robobin ruwa. Kilo ɗaya na ƙanƙara, kafin ya narke, yana shanye zafin da ya isa ya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Babu batir mai arha kamar wannan. Kada a cika robar har baki, domin ruwa na kumbura da kusan kashi ɗaya cikin goma idan ya daskare. Idan aka ɗauke wuta, a ɗauki biyu ko uku a mayar saman firij a buɗewa ɗaya, sauran su zauna da nama. Ana iya lulluɓe firiza da bargo yayin da babu wuta, amma a yaye shi da zarar ta dawo. Firiza mai murfi a sama ya fi na tsaye riƙe sanyi, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubowa idan an ɗaga murfi.

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa shi ne na wanda ya yi tafiya, ko wanda ya kwana bai sani ba: wuta ta tafi, nama ya narke ya yi ɗumi, wuta ta dawo ya sake daskarewa. Da safe a gan shi kamar dutse. Akwai dabarar kama wannan. A daskarar da ruwa a kofi, a ɗora ƙwandala ko ƙaramin dutse a samansa, a bar shi cikin firiza. Idan aka tarar da ƙwandalar a ƙasan kofi, komai ya narke a bayan ido. Jini da ya gangaro ya daskare a ƙasan leda ma alama ce.

Hukuncin kuwa ba shi da wuya, aiwatar da shi ne ke da ciwo. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa, ko yana da sanyi irin na cikin firij, ana iya dafa shi ko a sake daskarar da shi, sai dai ɗanɗanonsa zai ragu. Nama, kifi, kaza, madara, dafaffiyar miya ko shinkafa da suka yi ɗumi sama da awa 2, zubarwa ne. Ba a ɗanɗana su don a gwada. Hanci da harshe suna gane ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, amma ba sa gane irin su salmonela da ke kwantar da mutum, domin waɗannan ba sa canja wari ko launi. Tafasawa ma ba kullum take ceto ba: wasu ƙwayoyin, kamar wadda ke yaɗuwa a shinkafar da ta kwana a waje, suna barin dafin da wuta ba ta karya shi.

A gidan da kilo ɗaya na nama ya zama abin lissafi, cewa a zubar magana ce mai nauyi, kuma uwar gida ta fi kowa sanin haka. Mafita ita ce kada a bari a kai wannan matsayi. Idan aka ga wuta ba ta da niyyar dawowa, a fitar da naman tun yana da sanyinsa a soya shi ƙayau, ko a dafa a ci, ko a raba wa maƙwabta.

Naman layya da kifin kogi

A ƴan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a ƙarshen bazara, ta 2025 a farkon Yuni, lokacin da zafi bai sauka ba kuma wuta ta fi yankewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa rago guda da ɗuminsa cikin manyan ledoji a danna a firiza. Farantin bayanin nan yana nuna kilo nawa firiza zai iya daskararwa cikin awa 24, kuma a ƙananan na gida adadin ƴan kilo ne kawai. Babban ƙunshi yakan daskare ta waje, tsakiyarsa ta yi kwana guda ko fiye da ɗumi, ranar da aka buɗe a tarar ta yi kore. Kuma ɗuminsa yana narkar da abin da ya tarar a ciki.

A bar naman ya sha iska a inuwa, a rufe shi da raga saboda ƙuda, a yanka shi daidai girkin rana ɗaya, a baje kowane kaso ya yi faɗi cikin leda kada kaurinsa ya wuce yatsu biyu, a matse iskar, a rubuta kwanan wata. A jera su jikin bangon firiza da tazara, sai sun yi tauri a tara su. Kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi, a fara cinye su, domin ba sa wuce kwana 1 zuwa 2 a firij. Haka niƙaƙƙen nama da kaza da kifi. Tsokar nama takan kai kwana 3 zuwa 5, dafaffen abinci kwana 3 zuwa 4. A firiza mai tsayayyen sanyi naman sa ko rago yana yin watanni, amma inda wuta ke yawo gara a yi lissafin makonni.

Kifin da masunta ke fitarwa daga kogin da tafkin Rusairis, karfasa da ake ce wa bulɗi, tarwaɗa da giwan ruwa, ya fi nama saurin lalacewa. A fasa cikinsa a cire hanji da gwaiwa tun a bakin ruwa idan da hali, a wanke da ruwa mai tsabta, a binne shi cikin ƙanƙara. Kifin da ya wuni a rana kan tabarma, firiza ba zai mayar da shi sabo ba.

Wajen narkarwa, ba a ajiye nama a rana ko a kan teburin girki tun safe, domin bayansa zai yi ɗumi tsakiyarsa na daskare. A mayar da shi can ƙasan firij tun dare cikin kwano, ko a nutsa ledar a ruwan sanyi ana canjawa duk rabin awa, sannan a dafa nan take. Ƙananan yanka ana iya jefa su tukunya da ƙanƙararsu. Ɗanyen nama kullum a ƙasa yake zama, dafaffen abinci a sama cikin kwano mai murfi, don kada jini ya ɗiga a kan abin da ba za a sake dafawa ba.

Abin da ya fi ƙarfin firiza kuwa, kakanni sun riga sun san maganinsa. Sharmut, naman da ake yanka siri-siri a shanya a kan igiya, da kilishi, da soyayyen naman sallah da ake adanawa cikin mansa, da busasshen kifi da ake kira kajaik, da busasshiyar kuɓewa da ƴan Sudan ke ce wa weka, duk ba sa jiran Marawi. Gidan da ya raba namansa, wani a firiza wani a igiya, ba ya asarar duka a dare ɗaya. Sai dai idan damina ta kankama iska ta yi laima, shanya ba ta bushewa da sauri, nan soyawa da ƙyafewa suka fi.

Ƙanƙara, madara da kwalara

A watan Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta Sudan ta sanar da ɓarkewar kwalara, cutar kuma ta bazu zuwa jihohi da dama. Ƙwayar kwalara ba ta mutuwa a ƙanƙara. Idan aka yi ƙanƙara da ruwan hanyar ban-ruwa ko na kogi da ba a tafasa ko aka sa masa kilorin ba, duk wanda ya jefa ta a zoɓo, ko tsamiya, ko hilu-mur ɗin buɗa-baki, ya sha ruwan nan ne. Wannan ya shafi matan da ke sana'ar ƙanƙara da kayan sanyi a gida: ruwan da za a daskarar, a fara tsabtace shi. Manyan sandunan ƙanƙara da ake saye a kasuwa, waɗanda ake ja a ƙasa a lulluɓe da buhu, a sanyaya kwalba da su daga waje, kada su shiga kofi.

Madarar da aka tatso a tafasa ta kafin ta shiga firij, saboda cututtukan da ake ɗauka daga dabba ba sa jin sanyi. Kuma kada a ajiye ta a jikin ƙofa, can ne wuri mafi ɗumi. Babbar tukunyar miya a raba ta cikin ƙananan kwanoni marasa zurfi ta huce da sauri, a sa ta cikin awa ɗaya. Idan za a ɗumama, a bari ta tafasa sosai, kuma iya wadda za a ci.

Wuƙa da ƙanƙara

Idan ƙanƙarar da ke taruwa a bangon firiza ta kai kaurin rabin santimita, lokacin narkar da ita ya yi, domin daga nan tana tare sanyi ne tana ƙara wa inji aiki. Masu gyara sun san ƙarshen labarin wanda ya ɗauko wuƙa: bututun gas yana kwance ne a bayan siririn farantin alminiyam, tsini ɗaya ya isa a ji huci, firij ya mutu. A zare waya, a kwashe kaya zuwa kula ko a naɗe su da bargo, a ajiye kwanon ruwan zafi a ciki, a bar ƙanƙarar ta saki da kanta.

Yawancin sababbin firij suna aiki da gas mai suna R600a, kuma yana kama wuta. Idan bututu ya fashe, a buɗe taga, kada a kunna ashana ko makunnin fitila a kusa. Sunan gas ɗin yana rubuce jikin kwamfuresa, kuma mai gyara ya zuba irinsa, ba wanda ya samu a hannu ba. Firij mai lafiya ba ya shan gas kamar yadda mota ke shan mai. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo, sai an toshe wurin kafin a ƙara.

Firij da aka tarar bayan gudun hijira

Iyalan da suka koma gidajensu a Jazira da Sinnar bayan watanni, waɗanda suka yi sa'a ba a ɗauke musu firij ba, da yawa sun same shi a rufe da abin da aka bari a ciki. Kada a jona shi tukuna. A duba wayoyin baya, ɓeraye kan ci su. A fitar da shi tsakar gida, a ɗaure hanci, a sa safar hannu ko leda, a kwashe komai a binne. A ciro faranti da aljihuna a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, sannan a goge ko'ina da ruwan kilorin na wanki, wanda a Nijar ake kira jabel, babban cokali ɗaya cikin lita 4 na ruwa. Ba a haɗa shi da wani maganin wanki, haɗin yana fitar da iska mai guba. A bi lungunan robar ƙofa da ramin da ruwa ke fita. A bar ƙofa a buɗe a inuwa kwana biyu ko uku, sannan a ajiye kwanon gawayi ko hodar bikarbonat a ciki. Idan ruwan ruɓa ya ratsa cikin bangon firij, warin ba ya fita.

Firij da aka ɗauko a kwance a kan amalanke ko mota, a tsayar da shi awanni, gara ma ya kwana, kafin a kunna, don man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Wanda ya mutu aka jingine shi a tsakar gida kuma, a cire masa ƙofa ko murfi, saboda yara masu wasan ɓuya.

Inda babu wuta sam

Yawancin kanabi ba su taɓa ganin layin wuta ba ma. A nan ne tukunya cikin tukunya ke da amfani. Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa ta Najeriya, shi ya yaɗa dabarar a shekarun 1990, ya samu kyautar Rolex a 2000, daga baya aka gwada ta a Darfur, inda ta ɗauki sunan zir. Ƙaramar tukunyar ƙasa ake sawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska. Tumatir, kuɓewa, gauta da ganye suna ƙara kwanaki a ciki. Tana aiki sosai a busasshen zafi, ta yi rauni da damina. Ba ta kusantar digiri 5, saboda haka ba wurin nama ko kifi ko madara ba ce.

Masu ciwon sukari da ke allurar insulin su ma suna amfana da ita. A ƙa'ida ana ajiye insulin tsakanin digiri 2 da 8, kuma wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke, don haka kada ya taɓa bangon sashen ƙanƙara. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, ya nuna cewa kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta na mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Ɗakin kwano a Jazira yana wuce haka da rana, don haka a sa kwalbar cikin roba mai murfi don kada ta jiƙe, a ajiye ta a ƙaramar tukunyar.